NANA ASMA'U 'YAR SHEHU: MALAMAR DA TA KAI KARATU HAR TSAKAR GIDA

 Ina godiya ga shugabannin ƙungiyarmu da kwamitin wannan mujalla da suka ba ni fili, duk da ni ba ɗalibar tarihi ba ce, aikin akanta nake karantawa. Abin da ya sa na ɗauki biro kuwa, a hutun da ya wuce ya samo asali.

Na je gida Barkiya, wata rana da hantsi na tarar da kakata a inuwar bedi tana ɓarar gyaɗa, tana rera wata doguwar waƙa ƙasa-ƙasa. Tun ina ƙarama nake jin ta da ita, amma ban taɓa kasa kunne ba sai ran nan. Waƙar wa'azi ce, tana jan kunnen mai mulki da alƙali da ɗan kasuwa, kowa da irin hisabin da ke jiran shi. Kakar nan tawa ba ta taɓa shiga aji ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Na tambaye ta inda ta samo waƙar, ta ce mani a bakin uwarta ta ji ta, ita ma uwar a bakin tata uwar, kuma sunanta Tabbat Haƙiƙa.

Da na dawo makaranta sai na bi diddigi. Ashe Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne ya yi ta da Fulatanci, ɗiyarshi Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa a 1831, ƙanenta Isa kuma ya yi mata tahamisi. Yau shekara kusan 200 ke nan. Lokacin babu rediyo, babu waya, babu mota, babu injin buga littafi a ƙasar Hausa. To ta yaya darasin da aka rubuta a Sakkwato ya iso bakin tsohuwa a ƙasar Kurfi, kuma ya zauna? Amsar tana cikin rayuwar wannan baiwar Allah.

GIDAN DA TA FITO

An haifi Nana Asma'u a 1793 a Ɗagel, wani ƙaramin gari na malamai a ƙasar Gobir, wanda yanzu yake cikin Jihar Sakkwato. Tagwaye ne, ita da ɗan'uwanta Hassan. Kun san al'ada, da an bi ta da Hassana ko Usaina za a kira ta. Amma mahaifinta ya raɗa mata Asma'u, sunan ɗiyar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta abinci a kogo lokacin hijira. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana 'yar ƙanƙanuwa, sai sauran matan Shehu suka riƙe ta, cikinsu har da Hauwa'u, mahaifiyar Muhammadu Bello. Wannan riƙo yana cikin abin da ya ƙulla shaƙuwa tsakaninta da yayanta Bello har ƙarshen rayuwarshi.

Gidan Shehu gida ne da mace ke karatu ba tare da an ga baƙon abu ba. Shi kanshi Shehu a littafinshi Nurul Albabi ya caccaki malaman zamaninshi da ke tara almajirai a zaure safe da yamma, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci, ba su san hukuncin alwala da salla ba. Ya nuna cewa irin wannan koyarwa neman suna ce kawai. Kuma bai tsaya a rubutu ba, mata na halartar wa'azinshi, suna zama a gefensu. Har wani malami mai suna Mustafa Goni ya soki lamarin, ƙanen Shehu, Abdullahi ɗan Fodiyo, ya mayar mashi da amsa a waƙe, yana nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi abin da ake gudu muni.

A cikin wannan gida Asma'u ta buɗe ido. Ta haddace Alƙur'ani, ta karanta fiƙihu da tauhidi da tarihin Annabi da tasawwufi a kan ɗariƙar Ƙadiriyya wadda mahaifinta ke bi. Ta iya Larabci, harshen littattafai. Fulatanci shi ne harshen gida. Hausa ita ce ta kasuwa da ƙauye da yawancin jama'a. Ta kuma san harshen Buzaye. Ku riƙe wannan batu na harsuna, don za mu dawo kanshi.

HIJIRA DA YAƘI

Tana da shekara 11 duniya ta juya masu. Dangantaka tsakanin jama'ar Shehu da sarakunan Gobir ta daɗe da tsami. Sarkin Gobir Nafata ya kafa dokar hana maza naɗa rawani da hana mata lulluɓi, ya kuma taƙaita wa'azi. Da Yunfa ya hau gadon sarauta abin ya ƙara ƙamari. A watan Fabrairu na 1804 Shehu da jama'arshi suka bar Ɗagel suka yi hijira zuwa Gudu, da mata da yara da dabbobi da littattafai.

A watan Yuni na shekarar aka gwabza a Tabkin Kwatto, jama'ar Shehu suka yi nasara. Amma kada ku ɗauka daga nan sai daɗi. A ƙarshen shekarar aka yi yaƙin Tsuntsuwa, inda aka rasa mutum wajen 2,000, cikinsu kusan 200 mahaddata Alƙur'ani ne. A 1805 aka sake shan wuya a Alwasa. Tsakanin waɗannan yaƙe-yaƙe jama'a na ta yawo daga zango zuwa zango, ta ƙasar Zamfara har Gwandu, ga yunwa, ga ciwo, ga fargabar hari. Sai a 1808 aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, Yunfa ya mutu a wurin.

Duk wannan a kan idon yarinya aka yi shi. Ta ga zawarawa, ta ga marayu, ta san yadda mace ke kwana ba ta san ko mijinta zai dawo ba. Mu da muka fito daga yankin Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Daga baya ta tsara labarin wannan tafiya kaf a waƙar da aka sani da Waƙar Gewaye, wadda har yau masu tarihi ke komawa gare ta.

Mu ma nan Katsina guguwar ta iso mu. Malam Ummarun Dallaje na cikin waɗanda suka karɓo tuta, birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, tsofaffin sarakunan kuma suka yi arewa, daga baya suka kafa mulkinsu a Maraɗi.

AURE DA ZAMAN SAKKWATO

Wajen 1807 aka aurar da ita ga Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, babban aminin Muhammadu Bello, shi ma malami ne marubuci. A 1809 Bello ya fara gina Sakkwato. Shehu ya zauna Sifawa, ya komo Sakkwato a 1815, ya rasu a watan Afrilu na 1817. Aka yi wa Bello mubaya'a ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama Wazirinshi. Kun ga ke nan Asma'u ta zama ɗiyar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri, tun ba ta kai shekara 25 ba.

Gidan Waziri kuwa ba gidan hutu ba ne. Nan wasiƙun sarakunan gabas ke sauka, na Katsina da Kano da Zazzau da Bauchi da sauransu. Nan baƙi ke sauka. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, da ya zo Sakkwato a 1824, Waziri Giɗaɗo ne ya kula da shi. Ga hidimar gida, ga haihuwa da reno, don 'ya'ya maza ta haifa, cikinsu har da Abdulƙadir wanda ya gaji mahaifinshi a wazirci. A cikin wannan hada-hada ta riƙa samun lokacin karatu da rubutu. Ke 'yar'uwa mai aure da ke zuwa lacca da goyo, ki san kina da uwa a tarihi.

Mace a irin wannan matsayi tana iya zama a ɗaki, kuyangi na yi mata fifita, ba wanda zai ce don me. Asma'u ba ta zaɓi haka ba.

ALƘALAMINTA

Aikinta na farko da aka sani shi ne Tanbihul Gafilina, da Larabci, a 1820. Daga nan ba ta aje alƙalami ba sai da ta yi sama da shekara 40 tana rubutu. Abin da ya iso gare mu na ayyukanta ya kai wajen 60, mafi yawansu waƙoƙi, da Larabci da Fulatanci da Hausa, na harsunan gida kuma da ajami aka rubuta su.

Abin lura shi ne yadda take zaɓen harshe. In magana ta malamai ce, sai ta yi da Larabci, kamar waƙar maraba da ta yi wa wani malami ɗan Shinƙiɗi, wato ƙasar Muritaniya ta yau, da ya ratso ta Sakkwato. In ta 'yan gida ce da jama'ar Shehu, sai Fulatanci. In kuwa saƙon na talakawa ne, na matar ƙauye da ba ta jin Larabci ba ta jin Fulatanci, to sai Hausa. Sau da yawa abu ɗaya za ta yi shi da harshe biyu, don kada kowa ya ce bai ji ba.

Bari in kawo misalai kaɗan. Ta yi wata gajeruwar waƙa da ta jero sunayen surorin Alƙur'ani 114 bi da bi, yadda wadda ba ta iya karatu ba za ta haddace su. Da Bello ya rubuta littafi da Larabci a kan mata salihai, ya nemi ta mayar da shi waƙa, sai ta yi shi da Fulatanci, ta kuma yi na Hausa mai suna Tawassuli ga Mata Masu Albarka a 1837. A ciki ta faro daga matan Annabi (SAW) da 'ya'yanshi, ta biyo ta kan irin su Rabi'atul Adawiyya ta Basra da Nana Nafisa ta Masar, sannan ta sauko gida ta ambaci matan zamaninta, irin su Joɗa Kawuri da 'Yar Hindu, malaman Alƙur'ani. Wato tana nuna wa mai sauraro cewa mata masu ilimi ba a ƙasar Larabawa kaɗai suke ba, ga su nan a unguwa. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwani a kan neman waraka da kariya ta hanyar Alƙur'ani. Akwai Goɗaben Gaskiya, akwai waƙar roƙon ruwa lokacin fari, akwai waƙoƙin begen Annabi.

Ta rubuta tarihi ma. Ban da Waƙar Gewaye, ta yi waƙa a kan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Bello ya karya taron dangin Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda. Da Bello ya rasu a Wurno a 1837, ta yi waƙa a kan halayenshi, tana jero adalci da gudun dukiyar jama'a da sauƙin kai, yadda duk wanda ya hau kujerar bayanshi zai ga ma'aunin da za a auna shi da shi. Ita da mijinta suka duƙufa wajen tattara littattafan Shehu da labaran jama'arshi don kada su salwanta. Giɗaɗo ya rubuta Raudul Jinani a kan haka.

Amma ni abin da ya fi taɓa ni shi ne waƙoƙinta na ta'aziyya. Ta yi wa manya, baffanta Abdullahi da yayanta Bello da mijinta Giɗaɗo da aminiyarta A'isha. Wannan ba abin mamaki ba ne. Sai dai ta yi wa Halima, maƙwabciyarta, mace ce kawai mai kirki da son zumunci. Ta yi wa Zaharatu, wadda ke zuwa wurin mata masu naƙuda, tana wankan gawa, tana koyar da na kusa da ita. A zamanin da maroƙa ke wasa sarakuna da jarumai, ga ɗiyar Shehu tana zubar da hawaye a takarda saboda ungozoma. Ba don ita ba, da wa zai san an yi waɗannan mata a duniya?

'YAN TARU

Yanzu mun iso gundarin maganar. Yaƙi ya kafa daula, amma ya bar baya da ƙura. Garuruwa sun watse. An kwaso mata da yawa a matsayin ganimar yaƙi, an kai su gidajen da ba su sani ba, a Sakkwato da garuruwan ribaɗi irin su Wurno. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma bai kamata mu ɓoye ta ba don muna son mutanen da ake magana a kansu. Ga kuma matan ƙauyuka, Musulmi ne a suna, amma ba wanda ya taɓa zama ya koya masu ko Fatiha daidai. Waɗannan mata su ne ke renon 'ya'yan da za su zama jama'ar gobe.

Kafin jihadi, in ciwo ya kama mace, ko haihuwa ta ƙi, ko baƙin ciki ya yi mata yawa, wurin 'yan bori take nufa. A Gobir shugabar bori ita ce Inna, mace daga gidan sarauta, mai faɗa a ji, wadda ake gane ta da malfa a ka. Malaman jihadi sun yi wa'azi a kan bori, an hana shi. To amma hani kaɗai ba ya cike gurbi. In ka rufe wa mutum ƙofa ba ka buɗe mashi wata ba, ta katanga zai bi.

Nan basirar Asma'u ta fito. Matan aure ba za su iya baro gidajensu su zo Sakkwato karatu ba, ita kuma ba za ta iya zaga kowane ƙauye ba. Sai ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru, wajen shekarun 1830. A kowane gari sai a samu dattijuwa mai hankali da riƙon amana, wadda mutanen garin suka yarda da ita. Asma'u ta naɗa ta jaji, kalmar da fatake ke kiran mai jan ayari da ita. Alamar naɗin kuwa ita ce malfa, a ɗaura mata jan ƙyalle. Kun gane dabarar? Malfar nan da matan ƙasar suka saba gani a kan Inna, suka san alamar shugabanci ce, ita ce aka ɗora a kan malama. Ba ta zo masu da baƙuwar alama ba. Wadda idonsu ya sani ta ɗauka, ta canza abin da take nufi.

Jaji za ta taso daga garinsu da ayarinta, tsofaffin mata da suka wuce haihuwa da 'yan mata da ba su kai aure ba, don su ne al'ada ta yarda su yi tafiya. A ƙasa suke tafowa, wasu kwana da kwanaki. Suna zuwa da 'yar sadakarsu, hatsi da zuma da man shanu da zare, Asma'u kuma ta rarraba wa mabukata. Sai a zauna karatu. Ta rera masu waƙa, ta warware ma'anarta, su maimaita har ta zauna. Su kawo tambayoyin da matan garinsu suka aiko da su, na tsarki da salla da azumi da zaman aure da gado, ta amsa. Sannan su koma gida, su bi ɗaki-ɗaki suna koya wa matan da ba su samu zuwa ba.

Me ya sa waƙa? Saboda takarda na da tsada, masu karanta ta kuma kaɗan ne. Takarda na jiƙewa, gara na cin ta, wuta na cinye ta. Waƙa kuwa in ta shiga ka ta shiga. Mace na daka tana yi, tana kaɗi tana yi, tana lallashin yaro tana yi, yaron ma na ji. Kuma ma'aunin waƙa da amsa-amonta kan tsare kalmomi, in an yi kuskure kunne zai ji. Mu da muke haddace ƙa'idoji da daren jarrabawa mu manta su da safe, ya kamata mu jinjina wa wadda ta gano hanyar da darasi zai shekara 200 bai goge ba.

Karatun 'Yan Taru bai tsaya a ibada ba. Ana koya masu gaskiya a awo da ciniki, barin gulma da tsegumi, haƙƙin maƙwabci, kula da maraya da mara lafiya. Su kuma a garuruwansu su ne masu zuwa gidan haihuwa da gidan rasuwa, masu sasanta rigimar mata, masu share masallaci. Da ɗaya daga cikinsu, jaji Hauwa'u, ta rasu, Asma'u ta yi mata waƙar ta'aziyya, tana tuna yadda take jawo ayarin mata shekara da shekaru ba gajiya.

Ku duba da idon ɗalibin Poli. Akwai malama a tsakiya, akwai wakilai da aka horar, akwai manhaja da aka tsara daidai da mai koyo, da harshenshi, akwai alamar shaida, akwai hanyar da tambaya ke zuwa amsa ta koma. Abin da yau ake kira karatu daga nesa da yaƙi da jahilci da aikin malaman gona na shiga ƙauyuka, duk ga ƙashin bayansu nan, ba tare da ofis ko kasafin kuɗi ba. Shi ya sa jama'a suka riƙa kiran ta Uwar Gari.

RASUWARTA DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Giɗaɗo ya riga ta rasuwa. Ita kuma ta ci gaba da koyarwa da rubutu har tsufa, sarakunan Musulmi da suka biyo bayan Bello suna girmama ta, malamai na aiko mata da wasiƙu. Allah ya yi mata rasuwa a 1864, tana da shekara 71 ko kusa da haka. An rufe ta a Hubbaren Shehu a Sakkwato, kusa da mahaifinta.

Aikin bai mutu da ita ba, kuma wannan shi ne babbar shaidar ingancinshi. Ƙanwarta Maryam ta karɓi ragamar 'Yan Taru, bayanta kuma Ta Modi. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sarauta ta canza kama, amma mata ba su fasa zuwa Hubbare da malfarsu ba. Takardunta kuma suka zauna a gidan Waziri, har suka iso hannun jikan gidan, Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997. Shi ya buɗe wa Jean Boyd su, wata Baturiyar Ingila da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato. Ta fitar da tarihin Asma'u da Turanci a 1989, sannan a 1997 ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga tarin ayyukanta da fassararsu. Yau ana karanta ta a jami'o'in duniya, har wasu Musulmi a Amurka sun kafa ƙungiyar mata da sunan 'Yan Taru. A nan gida kuwa makarantun Islamiyya da na 'yan mata da ɗakunan kwanan ɗalibai masu sunanta ba su ƙirguwa.

Abin kunyar shi ne, da yawanmu mun san sunan a jikin allon makaranta, amma ba mu san ko aiki ɗaya nata ba. Ni ma da haka nake, sai da kakata ta tashe ni.

TO MU FA?

Ba na son in cika ku da wa'azi, amma akwai abu biyu da ba zan iya haɗiyewa ba.

Na farko, har yau a garuruwanmu akwai mai cewa karatun 'ya mace ɗabi'ar Turawa ce. Cikin 'yan ajinmu na firamare a Barkiya, mata nawa ne suka kai sakandare, balle nan? Ni na san amsar a ajinmu, kuma ba ta da daɗin faɗa. Duk wanda ya kawo maku wannan magana, ku tuna mashi cewa shekara 110 kafin Turawa su ci Sakkwato aka haifi Asma'u, kuma wanda ya zaunar da ita gaban allo shi ne Shehu Mujaddadi da kanshi. In ana neman al'adarmu ta asali, to ga ta nan.

Na biyu ya fi nauyi. Yankinmu na cikin jarrabawa. Tun da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, iyaye da yawa gabansu ke faɗuwa in an ambaci makarantar kwana. Akwai ƙauyukan da malamai suka daina zuwa. Akwai matan da suka baro gidajensu suna zaune a Dutsin-Ma da Katsina da 'ya'yansu, ba karatu ba sana'a. Tsaro haƙƙi ne a wuyan hukuma, kuma ba za mu daina nema ba. Amma yaron da ya kai shekarar shiga aji bana ba zai tsaya da girma ya jira zaman lafiya ba. Asma'u ma ba a cikin kwanciyar hankali ta yi nata aikin ba, har ta rasu ana kai hare-hare a iyakokin daular. Da ta ce sai ƙura ta lafa, da kakata ba ta da abin rerawa.

Mu nan ana koya mana lissafi da kimiyyar abinci da aikin gona da lantarki da kwamfuta, duk da Turanci. Hutu na zuwa, za mu koma gida. A cikin abin da ke cikin littattafanmu, me za mu iya mayarwa Hausa yadda inna da gwaggo za su gane? Ni dai na yanke shawara. Matan gidanmu na yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, suna adashi, amma ba mai iya faɗa maka ribarta ta mako, kuɗin jari da na cefane duk a ƙulli ɗaya suke. Wannan hutun zan zauna da su bayan la'asar, mu koyi raba uwar kuɗi da riba, ko da da tsakuwa ne za mu yi lissafin. Wadda ta gane ta koya wa ta kusa da ita. Kai mai karanta lantarki, ke mai karanta kimiyyar abinci, kowa ya san abin da gidansu ke bukata fiye da ni.

Da zan dawo makaranta na faɗa wa kakata sunan wadda ta mayar da waƙarta Hausa. Ta yi shiru, sannan ta ɗaga hannu ta yi mata addu'a, ta ce in na tashi zuwa Sakkwato in tafi da ita ziyara.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u da mahaifanta da ɗalibanta, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa mu gama karatunmu lafiya, ya kuma sa abin da muka koya ya amfani na gida. Amin.